Endoskop, CT ko MRI: wanne ya dace da gano ƙarin kogon hanci da bibiyarsa bayan tiyata?

Mura, alaji da tsiron hanci na yau da kullum, wanda likitoci ke kira polif, galibi ƙofofin hanci biyu suke toshewa. Idan ƙofa ɗaya ce ta toshe wata da watanni, majina na zuba ta nan kaɗai, wani lokaci da ɗigon jini, an sha magani an yi feshi babu sauƙi, to a nan ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro yake fara tunanin ƙari a cikin kogunan ƙashi da ke kewaye da hanci: na kunci, na goshi, ƙananan da ke tsakanin idanu, da wanda ke can ciki ƙarƙashin ƙwaƙwalwa.

Da yawa daga cikin irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, kuma jin haka yana kwantar da hankalin majinyaci da iyalinsa. Sai dai akwai sauran rina a kaba, domin wasunsu suna dawowa bayan an cire su, kuma sukan dawo shiru ba tare da wata alama ba.

Wanda ya fi ba likitoci aiki shi ne papiloma mai juyawa ciki. Fatar da ke shimfiɗe a cikin hanci ce take girma tana nutsawa cikin naman da ke ƙarƙashinta. Ba shi da yawa, bai cika wuce mutum 1 ko 2 cikin 100,000 a shekara ba. Ya fi kama maza, kusan ninki 3 na mata, yawanci tsakanin shekara 40 zuwa 70. Yana danne ƙashin da ke kusa da shi har ya cinye shi, yana dawowa bayan tiyata, kuma a kashi 5 zuwa 15 cikin 100 akan sami daji ɓoye a cikinsa ko ya rikiɗe daga baya. Na biyu shi ne anjiyofaibiroma, dunƙulen jijiyoyin jini da ke tsirowa a ƙarshen hanci ta baya, kusan a samari maza kaɗai, daga wajen shekara 10 zuwa 25, kuma babbar alamarsa haɓo mai yawa da ke ta maimaituwa ta ƙofa ɗaya. Na uku ostiyoma, ƙarin ƙashi zalla, wanda ya fi zama a kogon goshi. Shi ne ya fi yawa kuma ya fi sauƙin kai, sau da dama ma a hoton da aka ɗauka don wani dalili daban ake cin karo da shi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, babu gwaji guda da ya fi sauran a kowane hali. Zaɓin ya danganta da irin ƙarin, da wurin da ya kafu, da kuma ko kafin tiyata ake ko bayanta.

Kafin tiyata

Komai da endoskop, wato kyamarar leƙa cikin hanci, yake farawa. Likita zai fesa maganin da ke kashe zafi yana kuma sacce kumburi, ko ya cusa auduga mai maganin ya jira 'yan mintoci. Ɗaci yakan gangara maƙogwaro, ido yakan kawo ruwa. Daga nan ya zura siririyar sanda mai fitila da kyamara, kaurinta milimita 4, ta yara kuma milimita 2.7. Akwai mai kallon gaba kai tsaye, akwai masu leƙa gefe a kusurwar digiri 30, 45 ko 70. Polif na yau da kullum fari-fari ne, sumul, mai ƙyalli da laushi. Papiloma ya fi tauri, launinsa ja-ja ko toka-toka, samansa gudaji-gudaji, kuma da an taɓa shi yakan yi jini. Amma sau da yawa polif ne ke tsaye a gaba, papiloma na bayansa. Kyamara kuma sama-sama take gani. Ƙofar kogon kunci da ba a taɓa buɗewa ba 'yan milimita ce kawai, sanda ba ta shiga.

Hoton CT, wanda ake ɗauka da hasken X-ray mai ratsa jiki, shi ne gwanin ƙashi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi yake nuna bangon kowane kogo, da siririn ƙashin da ya raba hanci da ido, da wanda ya raba shi da ƙwaƙwalwa. Babu likitan fiɗa da zai shiga waɗannan lungunan ba tare da wannan taswira a gabansa ba. A papiloma kuma CT yana da wata baiwa da ya kamata majinyaci ya sani: a daidai inda ƙarin ya kafu, ƙashin bangon yakan yi kauri ya ɗan turo kamar tudu. Idan likitan hoto ya nuna wannan tudun, to ya nuna tushen cutar, kuma nan ne mai tiyata zai kankare ya goge ƙashin da inji. Mafi yawan abin da ake kira dawowar ƙari, a gaskiya, guntun da aka bari ne a wannan gurbin, kamar ciyawar da aka yanke kanta aka bar saiwa a ƙasa.

Raunin CT shi ne ƙari, kumburi da majinar da ta taru duk launin toka ɗaya suke fitowa. A ce kogon goshi ya cika fal a hoton. Shin ƙarin ne ya hau can, ko kuwa ƙofar kawai ya toshe majina ta taru a sama? Amsar ita ce ke raba tiyata mai sauƙi ta cikin hanci da babbar tiyata da za a buɗe ƙasan goshi. A nan ne hoton MRI, wanda ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, yake shigowa. Yana rarrabe majina da nama sarai, kuma idan aka yi allurar rinin gadoliniyom, papiloma yakan fito da zane layi-layi mai lanƙwasa irin na saman ƙwaƙwalwa. Inda wannan zanen ya ɓace a wani sashe na ƙarin, likita yakan ƙara zargin daji a wurin. MRI ne kuma ke nuna ko ƙarin danne tantanin ido da na ƙwaƙwalwa kawai ya yi ko ya huda su. Ƙashi kuwa ba fagensa ba ne: ostiyoma mai tauri baƙi ƙirin yake fitowa, har a iya ɗaukarsa iska ce ta kogo lafiyayye.

A ganina, ga papiloma babba da anjiyofaibiroma, batun zaɓi tsakanin CT da MRI bai taso ba, dukansu ake bukata. Idan ƙarin ƙarami ne a cikin hanci kaɗai, CT da endoskop sukan wadatar. Amma da zarar kogon goshi ko na can ciki ya cika, ko an ga ƙashin ido ko na gindin ƙoƙon kai ya zaizaye, ko kuma an taɓa yin tiyata a baya, to rashin MRI kasada ce. Tsarin da likita John Krouse na Amurka ya fitar a 2000, wanda ya kasa papiloma mataki 4 gwargwadon inda ya kai, a kan waɗannan hotunan yake dogara.

Sunan ƙarin kuwa ba hoto ke tabbatar da shi ba. Sai an gutsuro ɗan nama an duba shi a maikiroskop. Amma a kiyaye jerin: hoto tukuna, yanka daga baya. Dalilan biyu ne, kuma duk na rai ne. Anjiyofaibiroma idan aka tsinke shi a ɗakin duba marasa lafiya zai iya zubar da jinin da ba a shirya masa ba. Shi ya sa ga saurayi mai haɓo da ƙari a bayan hanci, hoto kaɗai ake amfani da shi: ana ganin gurbin da ke bayan kogon kunci ya faɗaɗa, bangon kogon na baya ya lanƙwaso gaba, ƙarin kuma ya sha rini sosai. Daga nan a ɗauki hoton jijiyoyin jini, a toshe waɗanda ke shayar da shi awa 24 zuwa 48 kafin tiyata. Dalili na biyu shi ne wani lokaci abin da ke kama da polif a saman hanci tantanin ƙwaƙwalwa ne ya zubo ta wata ɓula a ƙashi. Yanka shi yana jawo yoyon ruwan ƙwaƙwalwa da haɗarin sanƙarau.

Ɗan gutsuren ma yana iya yaudara. Za a iya tsinko polif na gaba a bar papiloma, ko a tsinko papiloma a bar lungun da daji yake. Saboda haka duk abin da aka ciro a tiyata, gaba ɗayansa ya kamata ya tafi ɗakin gwaji. Wanda aka cire masa “polif” a ƙofa ɗaya, ya dawo, aka sake cirewa ba tare da an taɓa kai naman gwaji ba, ya cancanci ya nemi a duba shi tun daga farko.

Bayan tiyata: a nan gizo ke saƙa

Bayan an sallami mutum, numfashi ya buɗe, ciwon kai ya tafi, sai zuwa asibiti ya fara zama nauyi. Ga shi kuwa ƙarin da ke dawowa ba ya jawo toshewa sai ya riga ya girma. A da, lokacin da ake tsinko papiloma gutsi-gutsi ta hanci ba tare da bin tushensa ba, yakan dawo wa fiye da rabin majinyata a wasu rahotanni. Da tiyatar endoskop ta yanzu, mai bin gurbin da ya kafu, adadin ya sauko zuwa wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Mafi yawa a shekara 2 zuwa 3 na farko suke bayyana, a daidai tsohon gurbin, amma ana samun masu dawowa bayan shekara 5, har bayan 10. Tsarin da asibitoci da dama ke bi shi ne duba kowane wata 3 ko 4 a shekarar farko, kowane wata 6 a ta biyu, sannan sau ɗaya a shekara. Shekara 5 ce mafi ƙaranci, kuma ƙwararru da yawa sun fi son a ci gaba har tsawon rai. Ina tare da su, domin mintoci kaɗan sau ɗaya a shekara ba su kai nauyin tiyata ta biyu a kusa da ido ba.

Tambayar da ta fi kowace amfani ga majinyaci ya yi wa likitan da ya yi masa aiki ita ce: “Likita, a ina ƙarin ya kafu, kuma kana iya ganin wurin da kyamara yanzu?” Amsar ce za ta yanke yadda bibiyar za ta kasance.

Idan amsar e ce, endoskop ne ginshiƙi. Tiyatar papiloma takan bar faffadar ƙofa, musamman idan an cire bangon da ke tsakanin hanci da kogon kunci, har likita ya iya kallon cikin kogon kai tsaye. A irin wannan hanci kyamara tana kama tsiron da bai wuce milimita 2 ko 3 ba, wanda babu hoton da zai tabbatar da shi. Babu haske mai ratsa jiki, babu allura, babu dogon jira, kuɗinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma idan an ga abin zargi nan take za a gutsuro. Wani lokaci ƙaramin tsiron a wurin ake gamawa da shi. Matsalolinsa su ma sanannu ne. A watannin farko ɓawon majina da jan naman warkewa suna rufe wuri, suna kuma kama da ƙari, don haka wanke hanci da ruwan gishiri kamar yadda aka umarta ɓangare ne na bibiyar, ba tsafta kawai ba. Abin da aka gani kuma ya dogara da idon mai dubawa. In son samu ne, likita ɗaya ya riƙa duba mutum, a kuma riƙa ajiye hoton gurbin a kowane zuwa, domin ɗan canjin da ke tsakanin wata 6 da wata 6 ba abu ne da ƙwaƙwalwa za ta riƙe ba.

Idan amsar a'a ce, ko “ba duka ba”, to dole MRI ya shigo. Akwai lungunan da kyamara ke wahalar kaiwa ko da mai digiri 70 ce: bangon gaba da ƙasan kogon kunci, can gefen kogon goshi wajen saman ido, da gefen kogon can ciki. Tabo ma yakan tsuke ƙofar da aka buɗe, wurin da ake gani bara ya rufe bana. Endoskop mai tsabta a irin wannan yanayin ba ya nufin komai game da abin da ke bayan tabon.

Anjiyofaibiroma kuwa tun asali na MRI ne. Ragowarsa a cikin ƙashin gindin ƙoƙon kai take ɓuya, tana girma a ƙarƙashin fatar da ta warke sumul. Likita zai leƙa ya ga komai lafiya, alhali abu na yaɗuwa a ƙasa. Shi ya sa wasu cibiyoyi ke ɗaukar MRI mai rini cikin kwana 3 na farko bayan tiyata, tun kumburin warkewa bai rikita hoton ba, sannan a riƙa maimaitawa kowane wata 6 zuwa 12 har wajen shekara 3. Ƙaramar ragowa da ba ta girma ba lallai ne a sake buɗe ta ba, domin wasu sukan tsaya ko su ja baya idan saurayin ya gama girma. Amma sanin ta tsaya ko ba ta tsaya ba, sai da hotuna a jere.

Wannan ya kawo mu ga hoton farko na bayan tiyata, wanda mutane kan raina saboda suna jin sun warke. Hancin da aka yi wa aiki ba ya komawa siffarsa ta da. Tabo yana shan rini, fata tana kauri. Likitan da ya kalli hoto guda bayan shekara 2 ba shi da hanyar sanin ko wani kauri tsoho ne ko sabo, sai in yana da na baya da zai aza a gefe. Ga papiloma akan jira 'yan watanni wuri ya lafa kafin a ɗauki wannan hoton na ma'auni.

MRI yana da nasa nauyin. Mutum zai kwanta minti 30 zuwa 45 a cikin ƙunƙuntaccen bututu, kansa a cikin wani keji, na'urar na buga ƙara mai ƙarfi, kuma motsi kaɗan yana ɓata hoton. Wanda ke tsoron matsattsen wuri ya faɗa tun da wuri, akwai maganin kwantar da hankali. Ƙananan yara wani lokaci sai an sa su barci. Maganaɗisun na da ƙarfi ƙwarai, don haka mai na'urar bugun zuciya, mai na'urar ji da aka dasa, ko mai aikin walda da ƙila ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, wajibi ne ya sanar kafin ya shiga ɗakin. Rinin gadoliniyom ana taka-tsantsan da shi ga mai ciwon ƙoda mai tsanani, kuma ana guje masa ga mai ciki. Ya fi tsada, ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma ɗan tsiron da ke saman fata yana iya kuɓuce masa. Ma'ana shi ma ba ya maye gurbin kyamara.

To ina matsayin CT a bibiya? Ga papiloma da anjiyofaibiroma, a baya yake. Ba ya rarrabe tabo da ƙari, kuma ƙashin da aka goge yakan yi sabon kauri yayin warkewa, wanda ke kama da alamar tushen da aka nema tun farko. Hasken da ke ratsa jiki a hoton kogunan hanci guda ɗaya kaɗan ne, yawanci ƙasa da milisibat 1 (ma'aunin wannan hasken ke nan), alhali matsakaicin abin da ɗan Adam ke sha daga muhalli a shekara milisibat 2.4 ne. Hoto ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne. Amma maimaita shi kowane wata 6 ga yaro ɗan shekara 14, ido kuma na tsakiyar hasken, ba shi da hujja matuƙar MRI na samuwa. Inda CT ke dawowa gaba shi ne lokacin da aka tabbatar ƙari ya dawo ana shirin sabuwar tiyata, ko mutum ba ya iya shiga MRI, a yi masa CT mai rini.

Ga ƙarin ƙashi lamarin ya juye. Ostiyoma da dangoginsa CT ne ma'auninsu. Ƙaramin ostiyoma da bai toshe ƙofar kogo ba, bai kuma taɓa ido ba, akan bar shi a sake hoto bayan kamar shekara guda a auna. Girmansa a hankali yake, galibi milimita 1 ko 2 a shekara, wasu ma ba sa motsi. Abu ɗaya da bai kamata ya wuce ba: mai ostiyoma da yawa a fuska da muƙamuƙi ya kamata a duba hanjinsa, domin hakan na iya zama alamar cutar Gardner, wadda ake gado kuma take jawo dajin babban hanji. A yara kuma akwai wani ƙari mai haɗin ƙashi da zaren nama da ke saurin girma yana yawan dawowa, shi yana bukatar sa ido fiye da ostiyoma nesa.

Sauran gwaje-gwajen ba sa bukatar dogon bayani. Hoton ƙashi na X-ray da aka saba ba ya nuna abin da ake nema a nan. Hoton PET yana haska duk naman da ke shan sukari da yawa, papiloma marar daji da kumburi kuwa duk suna sha, don haka ruɗani yake ƙarawa sai fa in an riga an tabbatar da daji. Akwai wani sinadari a jini da kan hau a masu papiloma ya sauka bayan tiyata, amma cututtukan fata, huhu da ƙoda ma suna ɗaga shi, bai kai a jingina bibiya a kansa ba.

Wasu majinyata sun fi bukatar a matsa musu ido: wanda ƙarinsa ya taɓa dawowa, wanda ya kafu a kogon goshi ko a wuri fiye da ɗaya, wanda sakamakon gwajin namansa ya nuna ƙwayoyin halitta sun fara sauya kama, da mai shan taba. Ga waɗannan ba zan yarda da endoskop kaɗai ba ko da ana ganin gurbin, zan so a haɗa da MRI lokaci-lokaci. Taba kuwa ita ce abu guda da ke hannun majinyaci kansa, kuma an danganta ta da dawowar papiloma da rikiɗewarsa zuwa daji.

Akwai alamun da ba a jira ranar da aka rubuta a kati: sabon haɓo, toshewar da ta dawo ta ƙofar da aka yi aiki, ciwon fuska da ba ya lafawa, mutuwar kunci ko haƙoran sama, hawaye na zuba ta ido ɗaya, ganin abu biyu-biyu, ido ya turo, ko ruwa garai-garai na ɗiga daga ƙofa ɗaya idan an sunkuya. Duk wanda zai koma wani asibiti ko wani likita kuma ya tafi da abu uku: hotunan kansu a faifai, ba takardar bayaninsu kaɗai ba, da sakamakon gwajin nama, da rahoton tiyata wanda ya faɗi daidai inda ƙarin ya kafu da abin da aka yi wa ƙashin wurin.